Inji Ya Zamna

"Umma, ke Alhaji za ya saya, ko motar Baba?"

Fiddausi ce ta jefo tambayar, ɗiyata mai shekara biyar, tana tsaye a bakin zaure da kwanon fura a hannu. Kuma a gaban Alhajin ta yi ta. Wallahi 'yan uwa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja gefen mayafina na rufe baki. Shi kuwa Alhaji Almustapha dariya ya yi har hularsa ta karkace.

"Wa ya gaya miki haka, 'yar gidana?"

"Kawu Kamilu. Yac ce ma Inna za ka saya, kowa shi huta."

"To duka biyu ne," ya ce yana kallona ta gefen ido. "Da ke ma uku."

Na karɓi kwanon na kora ta cikin gida. Garin sauri har fura ta ɗiga a kan atamfata mai ruwan ganye, wadda na ɓata lokaci ina gogewa saboda zuwansa.

Bari in gaya muku wace ce ni, don kada ku yanke mini hukunci tun ba ku ji ba. Sunana Fauziyya, a Bukkuyum nake, gidan mahaifiyata da duk muke kira Inna. Mijina Nafi'u ya rasu bara. Kafin rasuwarsa mun zauna a ƙauye yana aikin niƙa dutsen zinari. Ƙurar dutsen nan da yake shigowa da ita a jikin riga, ita ta ci mana ɗanmu na fari. Yaro yana wasa sai jijjiga, kafin a kai shi asibiti ya cika. Aka auna jinin Fiddausi aka ce ita ma gubar dalma ta shige ta. Ranar Nafi'u ya rantse ya bar zinari. Ya sayar da rabonsa na rami ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, yana lodi daga Bukkuyum zuwa Gummi da Anka.

Motar nan ita ce duk abin da ya bar mana. Yayana Kamilu ke tuƙa ta yanzu, yana kawo mini balas, wato cinikin ranar, da yamma. Da shi nake sayen madara da ƙwai da likita ya ce in riƙa ba yarinyar, a cikinta kuma nake kai ta awon jini Anka. Har gobe in ta gaji sai kun ga hannunta na hagu yana karkarwa.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku zage ni: Alhaji Almustapha ya shiga raina. Baƙo ne daga gabas, sayen zinari ya kawo shi ƙasarmu. Ba tsoho ba ne, dogo, mai tsafta, in ya tashi daga tabarma turarensa kan wuni a zaure. Macen da ta gama takaba, ta yi watanni ba wanda ya tambaye ta ko ta ci abinci, sai ga saƙo kullum da safe: "Hasken idona, kin tashi lafiya? Me kika karya da shi?" Ku ce mini wace zuciya ce ba za ta motsa ba.

Abu ɗaya ya tsaya tsakaninmu. Gidansa na Tungar Daji, injin niƙan dutse a bayan katangarsa yake. Na ce ya kama mini ko ɗaki ɗaya ne a Anka ko nan Bukkuyum. Ya ce, "Matata inda nake take zama." Na ce ni kuma ɗiyata ba za ta sake shaƙar ƙurar nan ba. A nan muka tsaya, kuma ina iya tsayawa ne don ina da abin ci daga motar.

Sai motar ta fara ciwo.

Da farko rawa ce. In an tsaya ɗaukar fasinja sitiyari ya riƙa kaɗawa, madubi yana ɓari har ba ka ganin na baya. Sai kuma in Yaya ya sa giya a ji ƙum daga gaba, kamar an saki taɓarya a turmi. Ranar da muka dawo daga Anka na ƙarshe, wata tsohuwa ta ce a sauke ta, ita ba ta shiga motar aljanu. Yaya ya lallaɓa da motar Gummi, garejin Malam Lirwanu, bakaniken da Nafi'u ke kai wa tun yana raye. Bai same shi ba, ya bar makulli ya hau mashin ya dawo. Washegari ya shigo gida fuska a murtuke, ya jefa wayarsa kan tabarma.

"Saurari da kunnenki."

Muryar Malam Lirwanu ce, ga ƙarar guduma a bayansa: "Kamilu, na duba motarka. Inji ya zamna. Ka zo mu yi magana, kar a sake tashinta."

"Ya zamna kamar yaya?" na ce.

"Kamar yadda kinka ji. Inji in ya zamna ai ya gama. Sai sabo."

"Nawa ne sabon?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ki sai da ni, ki sai da Inna, ki ƙara da akuyoyin gidan ga."

Inna na gefe tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. "To Allah ya kawo ƙarshen gardama," ta ce. "Dama ƙarfe kika riƙe kina wulaƙanta ɗan mutane."

"Inna, ba wulaƙanci ba ne. Fiddausi nake ji."

"Mu da munka haife ku ba mu san ɗiya ba? Ki share ɗaki, ki rufe taga, ki hana ta fita. Ƙura dai ta?"

"Haka na yi wa Salim, Inna. Na share, na rufe."

Ba a cika ambaton sunan ɗana a gidan nan ba. Inna ta share ido da bakin zane, amma ba ta janye maganarta ba.

Tun daga ranar balas ya tsaya. Gwangwanin madara ya koma sai an karkata shi an ƙwanƙwasa. Na fara raba ƙwai ɗaya gida biyu, rabi safe rabi rana. Ranar awon jininta na matsowa, kuɗin motar haya zuwa Anka da dawowa kuma ba wasa ba ne yanzu. Abin da nake da shi kaf a duniya kuɗin adashi ne da na kwasa, dubu arba'in da 'yan kai, na ƙulle a wayata na hana kaina taɓawa.

Sai ga saƙon Alhaji.

"Hasken idona, na ji abin da ya faru. Na je Gummi da kaina na gani."

Na rubuta da sauri: "Me bakaniken ya ce?"

"Inji ya tafi. Ko na hannu za a sa, sai an kashe dubu ɗari bakwai. Motar ma ba ta kai haka ba."

Na ajiye wayar na shiga bayi na yi kukana, don kada yarinyar ta gani. Da na fito wani saƙon na jira.

"Kar ki damu. Zan saye ta a matsayin ƙarfe, in ba da abin da ya fi darajarta saboda marainiya. Ke kuma ki daina wahalar da kanki. Ki ba ni amsa ranar Juma'a, in turo magabatana."

Bayan wannan saƙon ne ya zo gidan, har Fiddausi ta yi masa waccan tambaya. Bayan ya tafi na zauna bakin gado ina kallonta tana wa 'yar tsanarta kitso. Na ce a raina, wataƙila Inna ce da gaskiya. Wataƙila in na jiƙa buhu na rataya a taga, in na hana ta taka tsakar gida ba takalmi, in na... Na san ƙarya nake wa kaina. Duk na yi wannan a baya. Amma yunwa ma ai kisa take.

Ranar Alhamis na ce wa Inna za ni Gummi in kwaso kayan Nafi'u daga motar kafin a ja ta. Carbinsa na rataye a madubi, akwai kuma 'yar dardumarsa a but. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Fiddausi ta maƙale sai ta bi ni ta yi wa motar Baba sallama. Muka fita da wuri, don hanyarmu ba a son la'asar ta riski mutum a kanta.

Garejin na bayan tasha, ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro, ƙasar wurin baƙa ƙirin da tsohon mai. Motarmu na gefe, ƙura ta lulluɓe ta, wani ya rubuta "a wanke ni" da yatsa a gilashi. Malam Lirwanu dattijo ne gajere mai furfura a gemu. Ya fito daga ƙarƙashin wata bas yana goge hannu.

"A'a, matar Nafi'u! Ina kunka shiga? Mota ta kwan nan ta tashi nan, kun bar mani ita kamar amanar akuya. Kin zo da kuɗin siti?"

"Baba, ina na ga kuɗin inji? Kayan marigayi na zo ɗauka."

Ya tsaya da gogar hannun. "Wane inji?"

"Wanda ka ce ya zamna."

"To ya zamna mana. Ba ki ga ya karkace ba?" Ya dube ni, na dube shi. Can ya dafe kai. "La ilaha illallahu. Ke ɗiyata, mi Kamilu yaf faɗa maki?"

"Ya ce inji ya mutu."

"Ni nac ce ya mutu? Cewa niy yi ya zamna! Zamnawa, irin ta mutum bisa ƙasa in an janye mai kujera. Zo nan."

Ya ɗaga bonet. Ban taɓa leƙa cikin mota ba a rayuwata, sai na ga ƙarafa da wayoyi kawai. Ya nuna mini wani dunƙulen baƙar roba da ƙarfe a gefen injin, girman dunƙulen sakwara. Robar ta tsattsage, gefe ɗaya ya lotsa har ƙarfe na taɓa ƙarfe.

"Wanga shi a siti. Kujerar inji ke nan. Inji nauyi gare shi, kuma rawa shikai in shina aiki, shi ya sa anka ɗora shi bisa roba guda uku, su riƙe shi su shanye rawar. Naku mai ya ɗiga bisa wanga ya ruɓar da shi, ramukan hanyar Anka sun ƙarasa shi. Da yaf faɗi, na baya ya ɗauki nauyin duka, shi ma ya yage. Tsaya ki gani."

Ya shiga ya ja birkin hannu, ya murɗa makulli. 'Yan uwa, bugu ɗaya motar ta tashi. Bugu ɗaya! Fiddausi ta daka tsalle tana ihu, "Ta farka! Umma, ta farka!" Ya sa giya ya ɗan taka, sai na ga injin gaba ɗaya ya yi tsalle ya dawo ƙum. Ƙarar nan da ta hana ni barci, ashe ita ce.

Ya kashe ya fito. "Kin ji muryar inji? Lafiya lau. Na hana a tashe ta ne don in anka ci gaba haka, tiyon ruwa za ya tsinke, salansa ta karye, sannan ku shiga kashe kuɗi na gaske."

Na zauna kan wata tsohuwar taya. "Baba, nawa ne?"

Ya shiga shagonsa ya fito da siti iri uku ya jera a kan benci. Na farko sabo fil a kwali, yana sheƙi. Na biyu na hannu, wanda suke kira Baljiyam, an ciro daga motar waje. Na uku haɗin gida, an yanka tayar babbar mota an cusa a tsohon ƙarfe.

"Na kwalin ga shi ya fi araha a cikin na kanti, amma ban ba ki shawara ba, damina ɗaya ba ya kaiwa. Haɗin gida ya fi kowa sauƙi, ba ya mutuwa, sai dai tauri gare shi, rawar duk jikin fasinja za ta koma. Baljiyam ya fi tsada, shi ne kuma na gaskiya."

Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa da babban yatsa, yadda nake gwada sabulu a kasuwa. Na kwalin ya lotsa da sauƙi, har wani wari yake kamar takalmin roba. Haɗin gidan kamar dutse. Na tuna hannun Fiddausi da yadda take riƙe kai in mota ta cika jijjiga, na ajiye shi.

"Dole sai an canza duka ukun da ke jikin motar?"

"In da hali. In babu, biyun da sunka mutu. Na ukun ya tsufa amma bai yage ba."

"In na bar shi zai kashe sababbin?"

"Ba yanzu ba. Ya kai ku bayan girbi in Kamilu ya bar faɗawa rami kamar mai jin haushin mota."

"Man da ke ɗiga fa? In ba a toshe ba ai sabon ma ruɓewa zai yi."

Ya yi murmushi. "Wannan 'yar roba ta, ba ta da tsada. Ita za mu fara yi."

Muka yi ciniki. Ya ce Baljiyam biyu da toshe mai da ladan aiki, dubu hamsin. Na ce wallahi arba'in da biyu gare ni a duniya, na nuna masa wayar. Ya kira mai kayan suka yi ta ja, ina jin yana cewa, "Ta marayu ta, ka ji tsoron Allah." Aka tsaya a arba'in da ɗaya. Dubu ɗari bakwai, 'yan uwa, ta dawo arba'in da ɗaya.

Sai abin ya faɗo mini.

"Baba, wani Alhaji ya zo ganin motar nan?"

"Dogo mai turare? Ya zo. Na tashe ta gabanai kamar yadda niy yi maki, na gwada mai sitin, na faɗa mai kuɗin. Yac ce kar in taɓa, shi za ya saye ta, kun gama magana. Shi ya sa ban sake kiran Kamilu ba."

Na buɗe wayata na sake karanta saƙon. "Na je Gummi da kaina na gani." Ya gani kuwa. Yaya Kamilu kuskuren ji ya yi, ko kuma ya ji abin da yake son ji, don ya daɗe yana mafarkin barin tuƙi ya koma yaron Alhaji a harkar zinari. Amma Alhaji da idonsa ya ga injin na aiki. Ya san muna raba ƙwai ɗaya gida biyu. Ya zauna a zaurenmu yana kiran ɗiyata 'yar gidansa.

Abin kunyar shi ne, ko a lokacin sai da zuciyata ta nema masa uzuri. Na tura masa: "Ina garejin Malam Lirwanu. Mota ta tashi."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake. Can: "Wa ya ce ki je?"

"Ka ce dubu ɗari bakwai."

"Fauziyya, don ina sonki ne. Muddin motar nan na yawo ba za ki taɓa sauraro na ba."

Na daɗe ina kallon kalmomin. Gaskiya ya faɗa, wannan karon.

Malam Lirwanu ya sa jak a ƙarƙashin injin, ya ɗora guntun katako don kada ya fasa kaskon mai, ya ɗaga shi a hankali har ya daidaita. Ya kwance notuna, tsohon sitin ya fito gida biyu a hannunsa. Fiddausi ta tsuguna kusa da shi tana tambaya ko inji ma yana gajiya da tsayuwa. Na kira Yaya na ce ya hau mashin ya zo Gummi yanzu, in ba haka ba in nemi wani direba a tasha. Bai taɓa jin na yi masa magana haka ba.

Ya iso ana ɗaure na biyun. Da aka tayar da motar, Malam Lirwanu ya ɗora kofin shayinsa a kan bonet. Shayin ko motsi bai yi ba. Yaya ya tsaya baki buɗe.

"Amma kai kac ce ya zamna!"

"To yanzu ga shi ya zamna daidai. Kai direba ne ko mai tallan goro? Mota na magana ba ka jin ta, ni ma ina magana ba ka ji na."

Masu gareji suka kwashe da dariya. Yaya bai yi ba. Ya ja ni gefe yana sosa ƙeya.

"Fauziyya, akwai matsala. Takardun mota na hannun Alhaji, na ba shi shekaranjiya. Kuma Inna ta riga ta ce ma mutanenai su zo."

"Mota ta Fiddausi ce, Yaya. Gadon marainiya ne. Ko ni ban isa in sayar ba sai alƙali ya sani, balle kai. Yadda ka kai takardu haka za ka karɓo su."

Na tura kuɗin Malam Lirwanu, wayata ta kusa komawa wayam. Na shiga gaba na ɗora Fiddausi a cinya. Carbin Nafi'u na rataye a madubi, tsaye cak, ba ya kaɗawa. Ban cire shi ba. Kafin mu fita Gummi na rubuta saƙon da ya fi kowane wuya a rayuwata, hawaye na ɗiga kan gilashin wayar:

"Alhaji, ba sai Juma'a ba. Amsata a'a ce. Ka ba Yaya takardun marainiya."

Ya karanta. Bai amsa ba.

Fiddausi ta yi barci a ƙirjina tun kafin mu yi nisa, abin da ta daɗe ba ta yi a motar nan ba. Muka shigo Bukkuyum ana kiran la'asar. Muna karya kwanar layinmu Yaya ya taka birki. Farar motar Alhaji ce a ƙofar gidanmu, an shimfiɗa tabarmi biyu a waje, dattawa uku na zaune da ƙwaryar goro a tsakiya. Bai jira Juma'ar ba.

"Mi za mu yi?" Yaya ya tambaya, murya ƙasa ƙasa.

"Ka faka a gabansu," na ce. "Kar ka kashe. Bar ta tana aiki, kowa ya ji muryarta."

Na gyara hijabina, na saɓa ɗiyata a kafaɗa, na buɗe ƙofa.

Ke da kike karanta wannan, musamman in ke kaɗai ce a kan yaranki: duk ranar da aka ce miki abin da kike ci da shi ya mutu, kada ki yi kuka tukuna. Sa hijabinki ki je inda yake, ki sa a buɗe miki ki gani da idonki, ki tambayi mai gyaran da bakinki me yake nufi da kalmar da ya faɗa. Kuma ki lura da wanda ya riga kowa kawo miki farashi, ki tambayi kanki me zai samu in kin kasa biya. Ni saura kwana ɗaya in kai ɗiyata gidan ƙura saboda roba guda biyu.